Surukata ta ce ni ke sace mata kuɗi

Tambaya

Assalamu alaikum Tanti. Ni matar aure ce a unguwar Bagalam, nan Maradi. Shekara 9 ke nan muna gida ɗaya da mahaifiyar maigidana, ko cacar baki ba ta taɓa haɗa mu ba. Inna ta haura shekara 70, ita ce uwar adashin matan layinmu, kuma har bara tana yin man gyaɗa da ƙuliƙuli. Wajen shekara guda ke nan ta sake. Sau uku tana cewa a gaban mutane na ɗauke mata kuɗi. Na farko an same su cikin kwanon gishiri, na biyu a ƙarƙashin tabarmar sallarta, na uku har yau ba a gan su ba. Takan tambaye ni abu ɗaya sau biyar kafin azahar. Lissafin adashi ya rikice mata. Ran nan ta je barka gidan ƙanwarta a Mokoyo, hanyar da ta saba bi tun kafin a haife ni, sai wani ɗan kabu-kabu ne ya dawo da ita bayan isha'i, ya ce ya same ta tana ta zagaye a bakin babbar kasuwa. Maigidana ya ce tsufa ne kawai, wai ai tana ba da labarin zamanin Kunce tiryan-tiryan, ina ciwo a nan? Yayarsa kuwa ta ce hannu aka sa mata, kuma na san wa take nufi. Na fara tunanin in tafi gidanmu. Inna ta tsane ni ne, ko me ke faruwa?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ki ajiye maganar tafiya gida tukuna, za mu zo kanta. Abin da nake so ki fara ji shi ne ban ga ƙiyayya a wasiƙarki ba. Matar da ta zauna da ke shekara da shekaru lafiya lau ba za ta kwana ta tashi da tsanarki haka siddan ba, kuma ƙiyayya ba ta sa mutum ya ɓata a hanyar gidan ƙanwarsa. Abubuwan da kika lissafa, in aka haɗa su wuri ɗaya, sun yi kama ƙwarai da farkon cutar mantuwa, wadda mutanenmu ke ce wa ruɗewa ko gigin tsufa. Na ce sun yi kama, domin likitan da ya duba ta ne kaɗai zai iya tabbatarwa, kuma akwai dalili mai ƙarfi da ya sa nake so a kai ta da wuri.

Mu fara da hujjar maigidanki, don ita ce ke zaunar da gidaje da yawa har lokaci ya ƙure. Ban ga laifinsa ba, kusan kowa haka yake zato: in mutum yana tuna abin da ya faru shekara 40 da suka wuce, ai ƙwaƙwalwarsa garau take. Amma ciwon nan haka yake tafiya. A irin da ya fi yawa, sashen ƙwaƙwalwar da ke karɓar sabon abu ya adana shi ne ke fara lalacewa. Kamar rumbu ne da bakinsa ya toshe, tsohon hatsi yana nan a ciki cif, amma damin bana ba ya shiga. Shi ya sa Inna za ta iya faɗa miki wadda ta yi mata kitson aure da yadda aka ci wuyar yunwar 1984, sannan ta tambaye ki ko yara sun tafi lakwal, ki amsa, kafin ki gama ɗauraye kwano ta sake tambaya. Amsar taki ta shiga kunnenta, wurin zama ne ba ta samu ba.

Mantuwar tsufa ta yau da kullum daban take, kuma duk mun san ta. Dattijo ya nemi sunan wani ya rasa, yana cikin alwala sunan ya faɗo masa. Tsohuwa ta ajiye carbi ta manta, ta bi sawunta daga ɗaki zuwa madafa ta same shi. Lissafi yakan ɗauke ta lokaci, amma in ta gama daidai yake fitowa. Irin wannan ita da kanta ke ƙorafi, kullum tana cewa "ni kam mantuwa ta yi mini yawa", kuma harkokinta na tafiya. A wancan ciwon kuwa mutanen gida ne ke lura, ita sau da yawa ba ta gani, domin abin da ya faru ɗungurungum ne ke gogewa. Ma'aunin da ya fi kowane amfani shi ne ki gwada Inna da Innar shekara biyu baya, kada ki gwada ta da tsohuwar gidan maƙwabta. Matar da ke riƙe da zubin kowa da ranar kwasar kowa a kanta, ba takarda ba alƙalami, yau lissafin ya gagare ta. Wannan canji ne na gaske, kuma shi likita zai fi son ji.

Yanzu maganar kuɗin, wadda na san ita ta fi ƙona miki rai. Ki ɗan tsaya a inda take tsaye. Tana da jika biyar ƙulle a haɓar zane. Kwana biyun nan kayanta sai ɓacewa suke, ba ta san dalili ba, tsoro ya shige ta. Sai ta kwance ƙullin, ta duba hagu da dama, ta tura kuɗin cikin kwanon gishiri inda ba wanda zai yi tunani. Kafin la'asar ɓoyewar ta goge tas daga kanta. Ta shafa haɓar zane, wayam. Ta tabbata da safe kuɗin suna nan, wannan kam ba ta manta ba. To wa ke shiga ɗakin? Wa ke share shi, wa ke kawo fura, wa ke kwashe wanki? Ke ce. A iya abin da ya rage mata na tunani, maganarta gaskiya ce, ba ƙage take shirya miki ba. Likitoci sun san wannan alama sarai, kuma sun san ta fi faɗawa kan wanda ya fi kowa hidima da mara lafiyan. Likitan Jamus ɗin da aka sa sunansa ga irin ciwon da ya fi yawa, Alois Alzheimer, a 1906 ya yi bayanin wata mata mai shekara hamsin da ɗoriya wadda ta fara da zargin mijinta, tana ɗaukar kayan gida tana ɓoyewa, tana ɓata a cikin gidanta. Sama da shekara 100 ke nan, a wata ƙasa mai nisa, ga shi kamar a tsakar gidanku aka rubuta.

Akwai wasu alamun da ba ki ambata ba, ki sa ido ko suna nan. Kalma takan ƙwace mata, ta ce "miƙo mini abin nan, abin nan na tuwo" tana nufin muciya, ko ta fara magana ta tsaya a tsakiya ta rasa inda ta dosa. Miyar da ta fi kowa iyawa ta fara fita da gishiri biyu ko babu sam, ko ta ɗora tukunya ta tafi ta bar ta har ta ƙone. Ranaku su cakuɗe, ta shirya zuwa kasuwar Juma'a ran Talata, ko ta tambayi yaushe za a ga watan azumi bayan an yi sallah. A salla ta riƙa rasa raka'a ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ko ta idar da la'asar ta sake tayarwa. Hankalin riƙon kuɗi ya yi rauni, ta bai wa mai talla jika goma ba ta karɓi canji ba, ko wani ya kira ta a salula da labarin ƙarya ta yarda. Wata sai ta janye daga biki da suna da islamiyya, a ce ta zama mai ƙyuya, alhali tsoro take ji kada ta kasa gane mutane ta ji kunya. Wata mai haƙuri ta koma mai faɗa, mai tsabta ta fara ƙin wanka. Sannan ki lura da goshin magariba. Da yawansu a wannan lokacin hankalinsu ya fi tashi, ki ga tsohuwa ta ƙulle ƴan tsummokaranta ta yafa mayafi ta ce za ta gida, tana cikin gidan da ta aurar da ƴaƴanta a ciki. Gidan da take nufi na ubanta ne, a garin da ta yi ƙuruciya.

Ba ku kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke ɗauke da wannan ciwo, duk shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10, kuma sama da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, ba Turai ba. Cutar Alzheimer ita ce kashi 60 zuwa 70 na ciki. Mai bi mata ita ce wadda ke zuwa daga lalacewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, sanadiyyar hawan jini ko ciwon suga ko ƙananan shanyewar da ba a ma lura da su ba. Wannan ta biyun ta fi damuna a nan, saboda tsofaffinmu nawa ne ke yawo da hawan jini ba a taɓa auna su ba? Ita takan zo mataki-mataki, mutum ya sauka, ya tsaya wata da watanni, ya sake sauka. Ciwon ya fi kama waɗanda suka haura 65, amma ba kowane tsoho yake kamawa ba, kin san tsofaffi masu shekara 90 da hankalinsu ya fi namu. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci kwano ɗaya ko kwana ɗaki ɗaya, kuma mafi yawansa ba gadon kai tsaye ba ne.

Dalilin da ya sa nake matsa a je likita shi ne akwai cututtukan da ke sa wa mutum rigar wannan ciwo alhali ana warkewa daga gare su. Baƙin ciki mai tsanani, irin wanda ke kama wasu mata bayan takaba ko rasuwar ɗa, yana kawo mantuwa da shiru da ƙin abinci, kuma yana da magani. Raunin ƙululun wuya, wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo, yana dusashe tunani. Haka ƙarancin sinadarin B12 a jini. Tsohuwar da ta faɗi a makewayi ta bugi kai, jini kan iya taruwa a hankali ƙarƙashin ƙoƙon kanta, ruɗewar ta bayyana bayan makonni, an ma manta da faɗuwar. Wadda kunnenta ya yi nauyi ko yanar ido ta rufe ta takan yi kama da ruɗaɗɗiya alhali ji da gani ne suka yi ƙasa. Ga kuma ƙwayoyi. Ki duba abin da Inna ke sha, musamman na masu yawo da magani a tire, irin na barci da na ciwon jiki. Ƙwayar da saurayi zai sha ya tafi gona, tsohuwa ta sha ta wuni ba ta san inda take ba. In ɗaya daga cikin waɗannan ne, ko ya haɗu da ciwon ya ƙara masa nauyi, kowane watan da aka zauna ana cewa tsufa ne hasara ce.

Wani abu kuma ki riƙe shi da kyau. Cutar mantuwa a hankali take zuwa, cikin watanni da shekaru. In kika ga Inna ta rikice farat ɗaya, jiya tana hira yau ba ta gane kowa, ko barci ya yi mata yawa ba ta tasuwa, wannan maganar gaggawa ce ta ranar. Zazzaɓin cizon sauro na iya yin haka, ciwon mafitsara na iya yi ko da jiki bai yi zafi ba, suga ya hau ko ya faɗi, ko ƙarancin ruwa a zafin Afrilu da Mayu, tunda tsofaffi ba sa jin ƙishirwa kamar mu. In kuwa baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe, ko minti ɗaya kada a tsaya shafa mai ko jiran wani ya dawo daga kasuwa.

Kafin ku tafi, ki samu ɗan kaye. Mako biyu ko uku ki riƙa rubuta abin da ya faru da ranar da ya faru, a taƙaice, ba sharhi: Laraba ta tambayi Sani sau huɗu bayan ya yi mata sallama, Asabar ta bar wuta a murhu. In rubutu na ba ki wuya, ki ɗauki muryarki a salula. Ku fara da likitar unguwa, a auna jini da suga da fitsari, ku faɗa wa majo ƙarara cewa mantuwa da ɓata hanya ne suka kawo ku, ku nemi a tura ku babban asibitin jiha ko Asibitin Referans na nan Maradi. In likita ya ga akwai bukatar hoton kai ko ganin masanin ƙwaƙwalwa, ko da zai kai ku Yamai, shi zai faɗa. Ku tafi da duk ƙwayoyi da jiƙe-jiƙen da take sha a leda ɗaya. Zai yi mata ƴan tambayoyi, ya ba ta kalmomi ta riƙe ya tambaye ta bayan ɗan lokaci, ya ce ta lissafo sunayen dabbobi, ya tambayi wace rana ce yau. Akwai gwajin da aka tsara don waɗanda ba su yi boko ba, saboda haka rashin karatu ba zai sa a yi mata kuskure ba in an faɗa tun farko. Kuma lallai ke ki je, ko wani da ke kwana gidan. A gaban baƙo irin waɗannan tsofaffi sukan tattara ƙarfinsu, gaisuwa ta fito cas-cas, "lafiya lau, alhamdu lillahi", wanda ya gan su minti goma ya rantse ba abin da ke damunsu. Yayar maigidanki ma, in zuwa take ta gaisa ta tafi, iyakar abin da take gani ke nan.

Kusan rabin mutanen Nijar yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, don haka gidajen likitarmu sun fi sabawa da awon ciki da rigakafi da tamowa. Za ku iya haɗuwa da ma'aikacin da zai ce muku "tsufa ne, ku je ku yi haƙuri". Ku yi masa godiya, ku buɗe kayen, ku ce kuna so dai a bincika.

Ba zan ɓoye miki ba, in aka tabbatar Alzheimer ce, har yau ba a samu maganin da ke warkar da ita ba. Akwai ƙwayoyi irin su donepezil da kan ɗan sassauta wa wasu na wani lokaci, likita ne ke rubuta su, ba a saye da ka. In ta jijiyoyin jini ce, riƙe hawan jini da suga da kyau na iya rage saurin saukar. Ciwon yakan ɗauki shekaru yana ƙaruwa, kuma gidan da ya san abin da ke gabansa ya fi iya shiri. Duk wanda ya ce muku yana da maganin da zai dawo da ita yadda take cikin kwana bakwai in an kawo rago da jika kaza, kuɗinku yake so.

Wannan ya kawo mu maganar hannu. Ina jin tsoronta saboda ke, ina kuma jin tsoronta saboda Inna. In aka je wurin mai duba da tambayar "wa ya yi mata?", ba zai ce ba kowa ba, sai ya nuna wani, kuma wanda ke kusa ake nunawa. Ta ɗaya ɓangaren kuma, tsohuwar da ke yawo da dare tana sambatu, tana kiran sunayen matattu, ba a daɗewa a wasu unguwanni sai a fara raɗa cewa mayya ce, yara su bi ta da jifa. Mata da yawa marasa lafiya sun ƙare rayuwarsu da wannan tabo, abin yana ci mini rai ƙwarai. Mu musulmi ba mu da uzurin rashin sanin wannan hali. A Suratun Nahli, aya ta 70, Allah ya faɗa cewa daga cikinmu akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi rauni na rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan da yana da sani, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman tsari daga kai wa wannan hali. Shi ne kuma ya ce a nemi magani. A yi mata addu'a, a yi mata tofi, a kunna mata karatu in tana jin daɗinsa, duk alheri ne. Amma ban yarda a turara ta da hayaƙi har ta shaƙe ba, ko a yi mata tsawa wai ana korar iska, ko a kulle ta a ɗaki, ko a ɗura mata jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba.

Maigidanki fa, ki bi shi a hankali. Namiji ya ga uwar da ta rene shi tana zamewa daga hannunsa, "tsufa ne" ta fi masa sauƙin faɗa. Kada ki tare shi da zancen ranar da aka yi rigima, kada kuma kalmar hauka ta fito daga bakinki ko da wasa. Ki bari ya ci abinci ya natsu, ki ce masa, "Ina jin tsoro a kan Inna. Ran nan Allah ya kawo ɗan kirki ya dawo da ita, gobe fa? Mu kai ta a auna jininta, in ba komai hankalinmu ya kwanta." Ki nuna masa kayen. Ki bar maganar wanke kanki a wannan zaman, ki sa lafiyar uwarsa a gaba, wanke kan zai biyo baya da kansa. In ya ƙi ji daga bakinki, ki nemi wanda yake jin nauyi, kawunsa ko limamin unguwa, ko ita ƙanwar Inna ta Mokoyo, wadda na tabbata ita ma ta lura da wani abu a ƴar'uwarta. Ita Inna ba sai an ce mata za a duba ƙwaƙwalwarta ba, awon hawan jini za a je, kuma gaskiya ne za a yi shi.

A zaman yau da kullum, abin da zai fi sauƙaƙa miki shi ne ki daina neman cin gardama. In ta ce kin ɗauki kuɗinta, rantsuwa da kuka ba za su shiga ba, sai dai su ƙara tabbatar mata akwai abin da ake ɓoyewa. Ki ce, "Subhanallahi, Inna, sun ɓata? Tashi mu duba tare." Ki bari ita ta gano su da hannunta. A hankali za ki san maɓoyanta, galibi ba sa wuce uku ko huɗu: cikin matashin kai, ƙasan adaka, kwanon da ba a amfani da shi, aljihun tsohuwar jaka. Waɗancan na ukun ma a neme su a irin wuraren nan, amma da maigida ko yayarsa a tsaye, kada ki nema ke kaɗai. A bar mata ƴan canji a ƙullinta don ta ji tana da abin hannunta, manyan kuɗi da takardun gida ko na gona su koma hannun ɗanta da sanin ƴan'uwansa. Adashi kuwa amanar mutane ce, tun kafin ya jawo abin kunya a samu wata amintacciya cikin masu zubi ta riƙa zama kusa da ita tana rubutawa, sunan uwar adashi ya ci gaba da zama nata.

In ta maimaita tambaya, ki amsa gajere kamar yanzu ta fara yi. "Ai na faɗa miki" ba ya ƙara mata komai sai jin kunya da fushi. In ta ce za ta gida, kada ki ce nan ne gidanki, ki ce "to Inna, bari mu sha fura tukuna", ki tambaye ta labarin garinsu, sau da yawa kafin labarin ya ƙare tafiyar ta wuce. A kunna fitila tun kafin duhu ya shigo, a rage hayaniyar yara a wannan lokacin. Kada a raba ta da aiki gaba ɗaya. Suyar ƙuli a kan wuta ta wuce, amma ɓarar gyaɗa da tsintar wake da gyaran zogale hannunta ya san su, kuma suna riƙe mata mutuncinta. Ki riƙa miƙa mata ruwa ba sai ta tambaya ba. A rufe rijiya, a kashe gaz daga tukunyarsa, a ɗauke maganin ɓera da kalanzir daga inda hannu ke kaiwa. A ɗinka lambar salular ɗanta a cikin hijabinta, a kuma gaya wa mai shagon bakin layi da maƙwabta na kusa cewa Inna ba ta da lafiya, in sun gan ta ita kaɗai su tare ta da hira su aiko. Na san akwai nauyin faɗar haka, amma mutanen da aka gaya wa gaskiya tun farko su ne ba za su ƙirƙiro wani labari daga baya ba. Salla kuma ki riƙa tayarwa kusa da ita ta bi ki. In abin ya yi nisa har ba ta san lokaci ba, hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe, kada a tsananta mata. Maganar azumi a tambayi likita da malami tare.

Saura ke. Hukumar nan ta lafiya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake kashewa wajen jinyar masu wannan ciwo mata ne ke ɗaukarsa, kuma a gidajenmu kin san wace macen ce. Hidimar Inna wajibi ce a kan ƴaƴan da ta haifa, abin da kike yi kyautatawa ce da neman lada, kuma ya kamata a faɗi haka a zaman dangi. A raba kwana. Yayar maigida ta zo ta karɓe ki wuni biyu a mako, ta kwana ɗakin uwarta, da idonta za ta ga abin da kike gani. Kina da haƙƙi a kan maigidanki ya tsaya gaban ƴan'uwansa ya ce matarsa ba ɓarauniya ba ce, tunda a gaban mutane aka faɗa, a gaban mutane za a goge.

Shawarata kada ki yi yaji yanzu. In kika fita cikin fushi ana tsakar wannan zargi, masu magana za su ce ga shi ta gudu, kuma Inna za ta rasa mutum ɗaya da ya fahimci halin da take ciki. Amma ki sanar da iyayenki duk abin da ke faruwa tun yau, kada su ji a bakin wani. In kin gaji, ki nemi izini ki je gida ki huta kwana biyu a matsayin ziyara, bayan an tsara wanda zai kwana da ita. In kuwa aka kai ga ɗaga miki hannu, ko aka ce sai an kai ki wurin boka ki yi rantsuwa ko ki sha wani abu, wannan ya wuce abin da za ki haƙura da shi ke kaɗai. Ki kira waliyyinki a ranar, manyan ɓangarorin biyu su zauna, ki ajiye musu kayenki da takardar likita a gabansu.